Tankin goyo da doguwar sandar ruwa: shin ya dace da mai wankin gilashi na bokiti da tsani a Yamai?

Tambayar ta fito ne daga wani ɗan'uwa mai sana'ar wankin gilashi a nan Yamai. Ya ce ya daɗe yana aiki da bokiti, soso, raklet (abin share ruwa daga gilashi mai bakin roba) da tsani, yawancin aikinsa shaguna ne da ofisoshi a unguwar Filato da wasu gidajen bene a unguwar Kwara Kano. Ya ga bidiyon Turawa suna goya tankin ruwa a baya, suna wanke tagogin sama da doguwar sanda mai buroshi ba tare da sun taka tsani ba, kuma wani ɗan kasuwa ya ce zai iya kawo masa irinta. Yana so ya san ko ya saya, kuma ko za ta maye masa gurbin kayan da ya saba da su.

Ɗan'uwa, Allah ya yi wa sana'a albarka. Na'urar tana da amfani, na yi aiki da ita kuma ina son ta. Amma a garin nan ba za ta karɓe aikin raklet ɗinka ba, ƙari ce a kansa. Kuma idan ka biya kuɗinta kafin ka auna ruwan da za ka zuba mata, ka kuma duba irin tagogin da kake wankewa, akwai yiwuwar ta ƙare a kusurwar ɗaki tana shan ƙura.

Wanda ya kalli bidiyon yakan ɗauka aikin na sandar ne ko na tankin. Aikin na ruwan ne. Ruwan famfo, komai haskensa a ido, yana ɗauke da gishirin ƙasa narkakke, irin su kalsiyam da magneziyam. Idan ya bushe a kan gilashi, ruwan ya tashi, gishirin ya zauna, shi ne farin tabon nan da ke fitowa ɗigo-ɗigo. Saboda haka ne mu masu raklet muke kwashe ruwan tas kafin ya bushe. Masu sanda kuwa suna cire gishirin tun kafin ruwan ya taɓa gilashi. Buroshi ya kankare datti, ruwan da aka tace ya ɗauraye, a bar gilashin ya bushe da kansa ba sabulu ba tsumma. Idan ka cika tankin da ruwan famfo yadda ya zo, ka sayi abin feshi ne mai tsada kawai, kuma tagar za ta fi yadda ka same ta muni.

Yana da kyau ka san don wa aka ƙera kayan. Sandar da ruwa ke bi ta cikinta ta samo asali a Amurka tun shekarun 1950, amma a Ingila ta yi kaka-gida, musamman bayan dokar aiki a wuri mai tsayi ta shekarar 2005. Dokar ba ta haramta tsani ba, ta dai ce duk aikin da za a iya yi daga ƙasa kada a hau sama dominsa. Gidajensu kuwa yawanci hawa biyu ne, tagogin a toshe suke da roba ruwa ba ya shiga, babu ƙarfen tsaro a waje, iska mai laima ce ba ƙura, kuma mai wanki yana zagayowa duk bayan wata ɗaya ko biyu, datti bai taru ba. Ka ɗauki waɗannan sharuɗɗa ɗaya bayan ɗaya ka gwada su da Yamai, za ka ga inda na'urar za ta yi maka aiki da inda za ta ba ka kunya.

Mu fara da ruwa, don a nan kuɗin yake tafiya. Akwai wani ɗan ma'auni mai girman alƙalami da ake kira TDS. Ka tsoma bakinsa a kofin ruwa, ya nuna maka lamba, wato yawan abin da ya narke a ciki. Don gilashi ya bushe ba tabo, lambar ta kasance ƙasa da 10, ƙwararru ma 000 suke nema. Wannan ɗan ma'aunin shi ne abu na farko da za ka saya, kafin sanda, kafin tanki, kuma shi ne mafi araha a cikin kayan duka.

A wannan fannin Yamai ta yi sa'a. Ruwan famfonmu daga kogi ake ɗebo shi, a tace a Gudel da Yantala, kuma ruwan kogin nan ba mai gishiri da yawa ba ne. Ƙa'idar da masu sana'ar ke bi ita ce, idan ruwanka bai haura 100 ba, tulun rezin kaɗai ya ishe ka. Rezin wasu ƙananan ƙwayoyi ne masu launin zuma da ake cika wa a wani tulu, ruwa ya shiga ta nan ya fita ta can, ƙwayoyin su riƙe gishirin. Suna ƙoshi, in sun ƙoshi lambar ta fara hawa, sai a zubar a sa sabbi. Ruwan da lambarsa ta ninka zai cinye maka rezin cikin rabin lokaci. Idan lambar ta yi sama sosai, kamar yadda ake samu a wasu rijiyoyin foraj, dole a sa matatar RO a gaba, irin wadda masu ruwan leda ke amfani da ita, sannan rezin ya ƙarasa. RO tana da nata sharuɗɗan: tana son ruwa mai ƙarfi a famfo, tana zubar da wani kaso mai yawa na ruwan, kuma sinadarin kulorin yana lalata fatar da ke tace ruwan a cikinta idan ba a sa matatar gawayi kafin ita ba. Kai ma ka san yadda famfo ke yi a wasu unguwanni cikin Afrilu da Mayu, sai tsakar dare yake zuwa, shi ma a sanyaye. Mai RO a irin wannan unguwa sai ya tanadi tanki da injin turawa.

Abu ɗaya da ma'aunin ba ya gani shi ne laka. Da damina, lokacin da kogi ya yi ja, ruwa na iya zuwa da ɗan gurɓata amma lambar ta nuna ƙasa. Ka sa matatar laka a gaban rezin, in ba haka ba ƙwayoyin za su toshe tun ba su yi aikinsu ba. Ka kuma ajiye buhun rezin a inuwa, a ɗaure, kada ya bushe.

Akwai ruwan da muke zubarwa a banza alhali ya kusa kaiwa abin da ake nema. Ruwan da ke ɗiga daga na'urar sanyaya ɗaki ba shi da gishiri sosai, haka ruwan sama idan an bar na farko ya wanke rufi ya wuce. Da damina ofishi mai na'urori da yawa zai iya cika maka jarka. Da rani kuwa iska a bushe take, ɗigon kaɗan ne, kada ka dogara da shi. Ko wanne ka tara, ka tace, ka auna.

Sai maganar goyon kansa. Tankunan da ake sayarwa yawanci suna cin lita 16 zuwa 25. Mu ɗauki mai lita 20. Lita ɗaya kilo ɗaya ce, in ka haɗa da nauyin tankin da batir da injin, ka doshi kilo 25 a gadon baya, ga sanda a hannu, ga wuya a ɗage kana kallon sama. Ka duba ƴan ga-ruwa na garin nan, waɗanda ɗaukar ruwa ita ce sana'arsu: a kura suke jera jarkokinsu su tura. Turawan da ke wannan aiki kullum, su ma yawancinsu ba sa goya tankin in ba dole ba. Suna ajiye shi a ƙasa ko a kan ɗan keken turawa, su ja tiyo mai tsawo. Ni ma haka nake ba kowa shawara. Goyon na wurin da keke ba ya shiga ne, kamar matattakalar hawa rufi ko lungun bayan gida.

Ruwan kuma ba ya daɗewa. Buroshi yana shan wajen lita ɗaya zuwa biyu a minti, ke nan lita 20 za ta yi maka minti 10 zuwa 20 na zubar ruwa. Mai hankali yana rufe ruwan tsakanin taga da taga, sai ya ja lokaci. Duk da haka gidan bene mai tagogi da yawa zai ci tanki fiye da ɗaya, balle in ƙura ta yi kauri. To da me za ka kai sauran ruwan wurin aiki? Babur zai ɗauki jarka biyu, in an matsa uku, ga sanda ga tanki. Kai da ka saba fita da bokiti fanko ka ɗebi ruwa a gidan mai aiki, yanzu ka zama mai dakon ruwa. Mafita ita ce ka tafi da ƙaramin tulun rezin, ka haɗa shi da famfon wurin, ka tace a nan take. Wannan yana yiwuwa ne kawai idan ruwan wurin mai sauƙi ne, shi ya sa nake nanata awo, kuma ka auna a kowane gida, don wani gidan na foraj ne ba ka sani ba.

Yanzu tagoginmu. Ka zagaya gidajen da kake wa aiki ka ƙirga nawa ne ke da ƙarfen tsaro a waje, nawa ne ke da ragar sauro, nawa ne masu gilashin Nako da ake buɗewa fai-fai. Duk waɗannan ka cire su daga lissafi. Buroshi ba ya ratsa ƙarfe, in ma ya shiga ba ya kai kusurwa, kuma ruwan da ya bi ta kan ƙarfe mai tsatsa zai sauko wa gilashi da jan layi. Nako kuwa ruwa zai bi tsakanin fai-fai ya shiga ɗaki. Sauran su ne tagogin alminiyam masu zamewa, kuma da yawansu ba a toshe su da kyau ba, don wanda ya ɗora su bai yi tunanin wani zai tsaya yana zuba musu ruwa minti biyu ba. Na ga ofishin da aka wanke daga waje, aka shiga aka tarar ruwa ya bi bango ya sauka kan takardu da wayoyin wuta. Kafin ka wanke kowane gini karo na farko, ka sa yaronka ya tsaya daga ciki yana kallo, ka gwada taga ɗaya.

Ƙura ita ce babbar damuwata. Tsarin nan gaba ɗaya ya dogara ne a kan barin gilashi jiƙe ya bushe da kansa. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu, lokacin hunturu, iska cike take da ƙura, kuma jiƙaƙƙen gilashi yana kama ta. Gidan da ke bakin hanyar da ba kwalta, mota ɗaya ta wuce kafin ya bushe, aikinka ya ɓaci. Raklet ba ta da wannan matsala, tana barin gilashi a bushe nan take. Akwai kuma ƙurar da ta kwanta a saman firam da kan bangon da ke bisa taga. Idan buroshinka ya jiƙa wajen, za ka ga gilashi fes ka tafi, bayan minti kaɗan jan ruwa ya gangaro ya zana layi daga sama har ƙasa. Yadda ake yi shi ne a fara da saman firam a wanke shi sosai har ruwan da ke saukowa ya yi fari, a wuce taga ta gaba, a bar waccan ta gama ɗiga. Sannan a dawo a goge gilashin, a ɗaga buroshi kaɗan daga jikinsa, a ɗauraye daga sama zuwa ƙasa ba tare da an sake taɓa firam ba. Kafin ka ɗora buroshi ma, ka fara jiƙa gilashin ruwa ya sauke yashin, musamman gilashi mai launi ko wanda aka manna wa leda, don ƙwayar yashi a ƙarƙashin buroshi tana karce.

Zafi ma yana da nasa. A watannin da ake haura digiri 40, gilashin da rana ta buga yana shanye ruwa kafin ka gama ɗauraya, dattin da ka kankare ya bushe a wurin. Aikin sanda a Yamai na sassafe ne. Ka fito bayan sallar Asuba, ka fara da gefen gabas kafin rana ta ɗumama shi, ka koma yamma da ke cikin inuwa har kusan Azahar. Bayan haka ka naɗe sanda ka koma aikin ciki.

Shagunan ƙasa da ka ambata, kada ka ma kai musu sanda. Dattinsu na hannu ne: shatin yatsu, maiƙo, gam na takardar talla, wani lokaci ɗigon fenti ko siminti. Ruwa zalla ba ya cire waɗannan, sai sabulu da reza da gwiwar hannu. Mai shago kuma ba ya son ruwa kwance a bakin ƙofarsa lokacin buɗewa. Cikin gini kuwa babu zancen sanda sam. Wannan rabin aikinka ne ko fiye, kuma yana nan a hannun raklet.

Ka shirya wa wata ƴar wahala a farkon sauyi. Tagar da aka shekara ana wankewa da Omo ko sabulun ruwa, sabulun ya maƙale a roba da kusurwoyin firam. Wankin farko da tataccen ruwa zai fito da shi, gilashi ya bushe da tabo, wani lokaci sai a wanki na biyu ko na uku yake yin fes. Ka faɗa wa mai gida tun kafin ka fara, ka kuma gaya masa za ka bar gilashin jiƙe da gangan. In ba ka faɗa ba, zai fito ya ga ruwa na ɗiga kana haɗa kaya, ya ce ba ka gama ba, kuma da wuya ka iya gamsar da shi a wannan lokacin.

Duk da abin da na lissafa, akwai dalilin da ya sa ban ce maka ka manta da ita ba, kuma dalilin ya fi duk waɗannan nauyi a wurina. Tsani yana karya mutane. Na san masu wannan sana'a da suka faɗo daga hawa na biyu, tsanin ya zame a kan tayil ko ƙafarsa ta nutse a yashi, wani ya warke wani har yau bai koma aiki ba. Yawancinmu ba mu da inshora, ranar da ka kwanta ranar ce tukunyar gidanka ta tsaya. Sanda mai tsawon mita 6 zuwa 9 tana kai ka hawa na biyu har na uku ƙafarka a ƙasa. Idan kana da gine-gine masu faffaɗan gilashi a sama ba ƙarfe, irin ofisoshi da bankuna da otal-otal da suka yawaita tun gine-ginen taron Tarayyar Afirka na 2019, a nan na'urar take nuna kanta: sauri ya ninka, firam ma ya wanku, ba a jingina tsani a bangon mutane. Dogayen benaye masu hawa da yawa ba nata ba ne, wannan aikin igiya ne da masu horo.

Sanda ma tana kisa idan aka yi sakaci, kuma wannan ina roƙon ka riƙe shi da kyau. Sandar kabon, wadda ta fi sauƙin ɗauka kuma ta fi tsada, wuta tana bin jikinta. Ta fiba, wato zaren gilashi, ma idan ta jiƙe ba abin amincewa ba ce. Ka san yadda wayoyin wuta suke ratsa titunanmu ƙasa-ƙasa, wasu ma a jikin bangon bene. Kafin ka zare sanda ka ɗaga kai ka duba, kada ka yi tafiya da ita a miƙe daga wannan gefen gini zuwa wancan, kuma tagar da waya ta gifta kusa da ita ka bar ta a wanke daga ciki.

Akwai kasuwa ta biyu da nake ganin za ta iya biyan kuɗin na'urar kafin tagogi su biya, wato allunan sola. Ƙasa ta gina manya, na Malbaza mai megawat 7 a 2018 da na Goru Banda mai megawat 30 a 2023, waɗannan ba aikin mai tanki ɗaya ba ne. Amma dubi rufin gidaje, shaguna, asibitocin unguwa, injinan ban ruwa a garake. Ƙura tana rage musu wuta, masu su sun sani, kuma yawanci yaro ake turawa da tsumma da ruwan famfo ya bar musu tabo. Allon sola fili ne sumul, ba ƙarfe ba raga, ruwa ba ya shiga ɗaki, kuma tataccen ruwa da buroshi mai laushi shi ne daidai abin da yake so. Sharaɗi shi ne a wanke da sanyin safiya, kada a zuba ruwa kan allon da ya yi zafi, kada kuma a taka shi. Ƴan'uwanmu na Tawa, inda gine-ginen gilashi ba su kai na Yamai ba, ina ganin sola ce ma za ta fi yi musu riba, sai dai ruwansu na rijiyoyi masu zurfi ne, su auna tukuna kafin su yanke ko rezin kaɗai zai isa.

Da ni ne kai, ga yadda zan bi. In sayi ma'aunin TDS, in auna ruwan gidana da na wuraren aikina. In yi wata guda ina rubuta tagogin da na hau tsani dominsu, da waɗanda a cikinsu sanda za ta iya wankewa. Idan ba su taka kara sun karya ba, in sayi sandar ƙari ta raklet kawai, wadda ake ɗaura soso da raklet a bakinta. Ba ta buƙatar tataccen ruwa ko batir, hannunka ya riga ya san aikin, kuma za ta sauke ka daga tsani a yawancin tagogin hawa na farko. Idan kuwa suna da yawa, ko akwai alamar aikin sola, in sa kuɗina a sanda mai kyau da buroshi da tulun rezin. Tankin shi ne na ƙarshe a muhimmanci, don ba komai ba ne illa mazubi da injin volt 12 da batir. Sabon abin feshin gona mai batir, mai lita 16, zai yi maka gwaji, ko jarka da ɗan inji a kan keken turawa. Na ce sabo, kada ka kuskura ka yi amfani da wanda aka taɓa zuba wa maganin ƙwari.

Wajen farashi, kada ka rage kuɗi don aikin ya yi sauri. Ruwanka yanzu yana da tsada, batir yana mutuwa da wuri a zafinmu, buroshi yana cinyewa. Ka nemi yarjejeniyar wata-wata da masu gine-ginen, don tagar da ake wankewa a kai a kai ita ce take cin ruwa kaɗan ta kuma fito da kyau.

Shi kuma ɗan kasuwar, ka tambaye shi abin da zai biyo baya. Tiyo da batir da inji za ka samu makamancinsu a kasuwar Katako ko wajen masu kayan noma. Maƙallan da ke riƙe gaɓoɓin sanda, da wuyan da ke haɗa ta da buroshi, da shi kansa rezin, su ne masu wuyar samu, kuma tun 2023 da hanyar Kwatano ta samu matsala kaya suna daɗewa a hanya. Ba a fafe gora ranar tafiya: ka sa ya haɗo maka buroshi na biyu, maƙallai na ajiya da buhun rezin a odar farko, ya kuma gaya maka daga ina buhu na gaba zai fito da kwana nawa zai ɗauka. Idan ya kasa amsa wannan, ka dakata da biyan kuɗi har ka samu wanda zai amsa.